Kwamfutar Jama'a da Makullinta: Tarihin Kullewa da Buɗewa daga Kano zuwa Jajaye

Kwamfutar jama'a ita ce wadda ake girkewa a wuri ɗaya domin mutane da yawa su yi aiki da ita bi da bi. A cikin irinta akwai ta shagon intanet, da ta makaranta, da ta cibiyar jarrabawa, har da na'urar ATM da ke jikin bangon banki. Dukkansu a kulle ake ajiye su. Mai na'urar yakan bar wa jama'a hanya ɗaya ta yin aikin da ya kawo su, ya toshe sauran, don kada wani ya goge manhaja, ko ya leƙa sirrin wanda ya riga shi zama, ko ya yi aiki bai biya ba. Wannan kariya tana tafe da tata matsalar, domin akwai ranar da makullin zai ɓace wa mai shi, ko na'urar ta ƙi amsa masa. Yadda ake sake samun ikon shiga irin wannan kwamfuta ya sauya sau da dama a ƙasar Kano tun daga ƙarshen shekarun 1990, kuma kowane sauyi ya ƙara nesanta makullin daga hannun wanda ke zaune gaban na'urar.

Jajaye ɗaya ce daga cikin mazaɓu 10 na Ƙaramar Hukumar Rogo, a yammacin Jihar Kano, inda jihar ta yi iyaka da Kaduna da Katsina. Rogo da maƙwabciyarta Ƙaraye mazaɓa ɗaya suke a Majalisar Wakilai ta Tarayya, kuma ƙidayar 2006 ta nuna Rogo na da mutum sama da 227,000, Ƙaraye kuma sama da 141,000. Yanki ne na noma, mai nisa da birnin Kano, kuma wannan nisa shi ne ya tsara yadda mutanensa suka haɗu da kwamfuta. Sun fara saninta a matsayin na'urar da ake tafiya wurinta, ana biya a taɓa ta na ɗan lokaci.

Kafin zuwan kwamfuta

Sana'ar hayar na'ura don biyan buƙatar takarda ta girmi kwamfuta. A bakin gidan waya da harabar kotu akwai masu rubuta wasiƙa da takardar koke, wasu da alƙalami, wasu da tafireta. Daga baya shagunan buga takardu da hotokwafi suka karɓe aikin. A duk wannan zamani abokin ciniki ba ya taɓa na'ura. Shi dai ya faɗi abin da yake so, mai shago ya buga, saboda haka kwaɗo ɗaya a ƙofar shago ya wadatar.

Hanyar sadarwa ma a ƙuntace take. Kamfanin NITEL ne ke ba da mafi yawan layukan tarho, kuma kafin 2001 layukan da ke aiki a faɗin Najeriya ba su kai rabin miliyan ba, akasarinsu a manyan birane. A watan Janairun 2001 Hukumar Sadarwa ta NCC ta yi gwanjon lasisin wayar salula a kan dala miliyan 285 kowane ɗaya, MTN da Econet suka fara aiki a watan Agustan shekarar. Layi ya yi tsada sosai a farko, kira kuma naira 50 ne a minti ɗaya, sai aka sami masu kafa tebur da lema suna ba da hayar waya. A nan ne mutanen karkara suka saba da biyan kuɗi don riƙe na'urar wani a hannunsu, da agogo yana lissafi.

Zamanin kafe

Shagon intanet, wato kafe, na farko da ya yi suna a duniya shi ne Cyberia, wanda aka buɗe a Landan a 1994. Tsarin ya iso manyan biranen Najeriya a ƙarshen shekarun 1990, ya bunƙasa a farkon shekarun 2000. A Kano da Zariya shagunan sun fi taruwa a kusa da jami'o'i da manyan titunan kasuwanci. Akasarinsu da faifan tauraron ɗan'adam suke jawo intanet, da janareta suke aiki saboda rashin tsayayyar wutar NEPA, kwamfutocin kuwa na hannu ne da ake shigowa da su daga Turai da Amurka ta Legas. Hukumomin jarrabawa ne suka tura jama'a can. Da WAEC da NECO da JAMB suka mayar da duba sakamako da rajista kan intanet, ɗalibin Rogo ko Ƙaraye ya zama dole ya sayi katin da ake kankarewa, ya shiga mota ya nemi kafe.

A kafe ne abokin ciniki ya fara zama gaban kwamfuta shi kaɗai, kuma a nan aka fara buƙatar kulle na cikin na'ura. Kullen hawa-hawa ne. Hawa na farko manhajar lissafin lokaci ce, irin su CafeSuite da HandyCafe da EasyCafe. Kwamfutar mai shago ita ce uwa, sauran 'ya'ya. Mutum zai sayi tikiti na rabin awa ko awa ɗaya, ya buga lambobin da ke jikinsa, allo ya buɗe. Lokaci na cika allon zai rufe, ko da yana tsakiyar cike fom. Hawa na biyu shi ne asusun Windows, inda ake ba jama'a ƙaramin asusu marar ikon saka manhaja ko cire ta, a ɓoye babban asusun mai gudanarwa da kalmar sirri. Hawa na uku manhajar daskarewa ce, wadda ta fi shahara ita ce Deep Freeze ta kamfanin Faronics na Kanada. Duk abin da aka sauya a kwamfuta, da an kashe ta an kunna sai ta koma yadda aka daskarar da ita, abin da ya zama babbar garkuwa daga ƙwayoyin cutar da ke yawo a filashi. Hawa na huɗu kalmar sirrin BIOS ce, wadda ke hana a tayar da kwamfuta daga faifan CD ko filashin da wani ya zo da shi.

Samari masu ƙarancin kuɗi ba su daina neman hanyar zagaye agogon ba. Wasu kan kashe manhajar lokaci ta hanyar jerin ayyukan da Windows ke nunawa, wasu kan zare wayar da ta haɗa kwamfutar da uwa. Masu rubuta manhajar sukan toshe kowace kafa a fitowa ta gaba, masu shago kuma suka koyi sa ido.

Sai dai wanda kullen ya fi wahalarwa shi ne mai shagon kansa. Da yawa daga masu zuba jari a kafe 'yan kasuwa ne ko ma'aikata da ba su san cikin kwamfuta ba. Injiniya ne ke haɗa musu komai, yaron shago ne ke gudanarwa, kalmomin sirrin kuma a kan waɗannan biyun suke. Idan yaron ya sami gurbin karatu ya tafi, ko aka rabu da injiniya ba a ga maciji, sai mai dukiya ya wayi gari da kwamfutoci 10 ko 20 da ba zai iya sauya ko farashin awa a cikinsu ba.

Yadda masu gyara ke buɗewa

Daga wannan buƙata sana'ar buɗewa ta fito, a matsayin reshe na gyaran kwamfuta. A Kano masu ita sun yi sansani a wuraren cinikin kayan lantarki, irin su Titin Beirut da Sabon Gari, daga baya kasuwar waya ta Farm Centre ta zama babbar matattara. Ilimin na koyon hannu ne, yaro yana zaune gefen maigidansa yana kallo, kamar yadda ake koyon kanikanci.

Kowane hawa na kulle da maganinsa. Kalmar sirrin BIOS a kwamfutar tebur tana zaune ne a wata 'yar ma'adana da ƙaramin batir mai siffar kwabo ke riƙe da ita. Mai gyara kan kwance akwatin, ya cire batirin na ɗan lokaci, ya mayar, sai na'urar ta manta. Windows XP, wadda ta fito a 2001 kuma ta mamaye shagunan, tana da ɓoyayyen asusun mai gudanarwa da sau da yawa ake barinsa babu kalmar sirri, kuma ana iya kaiwa gare shi idan aka tayar da kwamfutar a yanayin gyara. Idan an rufe wannan ƙofa, akwai faifan kayan aiki irin su Hiren's BootCD, wanda ke tayar da na'ura daga waje ya goge kalmar sirrin asusun. Deep Freeze ce ta fi taurin kai, domin ba a cire ta sai an narkar da ita, ba a narkar da ita kuma sai da kalmar sirrinta. Idan an rasa, sai a koma ga magani na ƙarshe, wato fomatin: a share faifan kwamfutar baki ɗaya, a sake zuba Windows da sauran manhajoji. Na'ura takan dawo, amma duk takardun da ke cikinta sun tafi.

Dukkan waɗannan dabaru a kan ƙa'ida ɗaya suka tsaya: wanda na'ura ke hannunsa, da sukudireba da isasshen lokaci, zai iya mallakar ta. Shi ya sa a wancan zamani matsalar mai kwamfuta a ƙauye ba ta wuce kuɗin mota ba. Zai ɗaure akwatin a bayan babur zuwa tasha, ya kai birni da safe, ya dawo da shi a buɗe da yamma.

Doka ta shigo

Damfarar da ake kira 419 ta jawo hankalin hukuma kan shagunan intanet. Dokar yaƙi da irin wannan damfara ta 2006 ta wajabta wa masu kafe yin rajista da hukumar EFCC da karɓar suna da adireshin masu amfani da kwamfutocinsu. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta ƙara da cewa kowane kafe ya yi rajista da majalisar ƙwararrun masana kwamfuta ta ƙasa, ya kuma ajiye littafin da masu shiga za su sa hannu. Sashe na 6 na dokar ya mayar da kutsawa cikin kwamfuta ba da izini ba da nufin zamba, tare da kwaso bayanan da suka shafi tsaron ƙasa, laifi, mai hukuncin ɗaurin da zai iya kai shekara 5, ko tarar da za ta iya kai naira miliyan 5, ko duka biyun. Aikin da mai gyara ke yi wa mai dukiya halal ne, amma aiki iri ɗaya a kan na'urar sata yana iya kai shi gaban alƙali. Daga nan neman rasit ko shaidar wanda ya san mai kaya ya fara zama al'ada a wurin masu gyaran da ke tsoron ɓacin suna.

Kwamfutocin kyauta

A daidai wannan lokaci gwamnati da ƙungiyoyi suka fara kai kwamfutar jama'a wuraren da ɗan kasuwa ba zai kai ba. An kafa hukumar NITDA a 2001, dokar sadarwa ta 2003 kuma ta tanadi asusun USPF don kai sadarwa karkara, wanda ya riƙa girka ɗakunan kwamfuta a makarantu da cibiyoyin al'umma. 'Yan majalisa ma sun riƙa raba kwamfutoci a mazaɓunsu. A Indiya tun 1999 Sugata Mitra ya liƙa kwamfuta a jikin bango a unguwar Kalkaji ta birnin Delhi ya bar yara su koya da kansu, gwajin da ya ƙarfafa ra'ayin cewa ajiye na'ura a bainar jama'a na iya yin amfani. A 2007 shirin ba kowane yaro kwamfuta ya yi gwaji a makarantar firamare ta Galadima da ke Abuja. Masu ƙera kwamfutar shirin sun tsara mata kariyar sata mai suna Bitfrost, wadda za ta sa na'ura ta daina aiki idan ba a sabunta mata izini daga cibiya ba. Wannan na daga cikin alamun farko na makullin da ake riƙewa daga nesa.

Ɗakunan kwamfuta na kyauta sun gamu da matsalar da ta fi ta kafe tsanani. Ɗan kwangila ne ke girka na'urorin ya sa kalmomin sirri, a yi bikin buɗewa, ya tafi. Malamin da aka horar ana iya yi masa sauyin wurin aiki, kuma takardar miƙa mulki takan lissafa kujeru da akwatuna, ba ta cika ambaton kalmar sirri ba. Shugaban makaranta kuwa yana tsoron kiran mai gyara daga kasuwa ya taɓa kayan gwamnati ba da takardar izini ba, don kada mai bincike ya tuhume shi. Sai kullen manhaja ya haifi kullen ƙofa, a rufe ɗakin har batir ya mutu, ƙura ta cika na'urorin. Mai kafe yana yin asara kowace rana idan kwamfutarsa na kulle, don haka yakan nemi mafita cikin gaggawa. Kwamfutar da ba ta da takamaiman mai ita ba ta da wanda zai yi mata wannan zarya.

Daga kafe zuwa cibiyar jarrabawa

Wayar hannu ce ta karya kasuwar kafe. Zuwan modem na filashi, da BlackBerry, da wayoyin Android masu araha irin na Tecno, ya sa hira da karanta labarai da Facebook suka koma aljihu. Shagunan da suka tsira sun koma aikin cike fom, da buga takardu, da rajistar neman aiki, kamar ta shirin N-Power da aka buɗe a 2016. A mafi yawansu yaron shago ne ke zama gaban kwamfuta, abokin ciniki yana tsaye yana faɗa masa bayanai, tamkar an koma zamanin tafireta.

Kwamfutar da jama'a ke zama gabanta sai ta sake bayyana a ɗakin jarrabawa. JAMB, wadda aka kafa a 1978, ta fara gwada jarrabawa ta kwamfuta a 2013 a zamanin Farfesa Dibu Ojerinde, ta mayar da ita dole a 2015. Bayan Farfesa Ishaq Oloyede ya karɓi hukumar a 2016, an hana shagunan kafe yin rajista tun daga 2017, aka taƙaita ta ga cibiyoyin da hukumar ta tantance. Ana buƙatar cibiya ta mallaki kwamfuta 250, da wasu na ko-ta-kwana, da kyamarorin tsaro, da tsayayyar wuta. Irin wannan jari ya fi ƙarfin shagon ƙauye, shi ya sa cibiyoyin suka fi yawa a birnin Kano da manyan garuruwa.

Kwamfutar cibiyar jarrabawa a kulle take ta kowace fuska. Ana tantance ɗalibi da zanen yatsa a ƙofa, ya buga lambar rajistarsa, allo ya nuna tambayoyi 180 da agogon awa 2, babu wata hanya ta fita zuwa wani shafi. Saboda ɗaliban da ba su taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba, a 2017 hukumar ta fito da tsarin madannai 8 da suka isa a yi jarrabawar da su. Mai cibiyar ne ya sayi na'urorin, amma tambayoyi da ikon farawa da tsayarwa suna hannun jami'in JAMB. Idan kwamfuta ɗaya ta tsaya, ana mayar da ɗalibi kan wata. Idan cibiya gaba ɗaya ta gaza, babu mai gyaran da zai iya ceto ta a ranar, sai hukuma ta sa wata rana. Girman abin ya bayyana a 2025, lokacin da kuskuren manhaja a cibiyoyi 157 na Legas da Kudu maso Gabas ya sa aka nemi ɗalibai 379,997 su sake zaman jarrabawa.

Makullin da ke nesa

Masu ƙera na'ura ma sun toshe ƙofofin da masu gyara suka dogara da su. A kwamfutocin cinya da yawa kalmar sirrin BIOS tana cikin wani guntu da cire batir ba ya shafarsa. Tun daga Windows Vista kamfanin Microsoft ya kawo BitLocker, wadda ke rikita duk abin da ke faifai yadda idan hanyar shiga ta toshe ba a karanta shi sai da lambar ceto mai alƙaluma 48. Apple ya ɗaure na'urorinsa da asusun mai su tun 2013, Android ta bi sahu a 2015, ta yadda ko an share waya sai ta nemi asusun farko. Ranar 19 ga Yulin 2024 wani gurɓataccen sabuntawa daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ya tsayar da kwamfutoci kusan miliyan 8.5 a duniya, ciki har da na'urorin karɓar fasinja a filayen jiragen sama. Sai da ma'aikata suka bi su ɗaya bayan ɗaya da hannu, kuma waɗanda aka rikita faifansu ba su buɗu ba sai da aka nemo lambar ceton kowacce.

Na'urorin jama'a da suka fi kusa da mutumin Jajaye a yau duk na wannan zubi ne. Na'urar POS da ke hannun wakilin banki, wadda ta yaɗu bayan Babban Bankin Najeriya ya fitar da ƙa'idojin wakilci a 2013, kamfanin da ya bayar da ita na iya rufe ta daga ofishinsa. ATM takan kulle kati idan aka kuskure lambar sirri sau 3, kuma buɗewa sai ta hannun banki. Na'urar BVAS da hukumar INEC ke kaiwa rumfunan zaɓe a ɗaure take da rumfa ɗaya, kuma a watan Maris na 2023 buƙatar sake saita na'urorin ta kai hukumar gaban Kotun Ɗaukaka Ƙara, aka ɗage zaɓen gwamnoni daga ranar 11 zuwa 18 ga watan.

Saboda haka abin da ake buƙata don sake samun shiga ya tashi daga kayan aiki ya koma shaida. Lambar BVN da aka fara a 2014, da lambar NIN da aka ɗaure da layukan waya tun Disambar 2020 kuma JAMB ta wajabta ta a 2021, su ne ake tambaya kafin a buɗe asusu ko a sauya kalmar sirri, kuma lambar tabbatarwa kan zo ne ta layin wayar da aka yi rajista da shi. Wanda yaron kafe ya buɗe masa adireshin imel da lambar wayar shago, ko wanda layinsa ya ɓata, ko wanda sunansa ya bambanta tsakanin takarda da takarda, yana iya rasa asusunsa ko da na'urar na gabansa a kunne. Masu gyara na Farm Centre da na garuruwan karkara suna nan suna fomatin da sauya faifai, amma babban ɓangaren aikin buɗewa ya koma hannun masu cike fom, waɗanda ke rubuta koke zuwa banki, ko ofishin NIMC mai ba da lambar NIN, ko hukumar jarrabawa, su jira amsa. Makarantu da shagunan da suka fi tsira daga kullewa su ne waɗanda ke rubuta kalmomin sirri da lambobin ceto a littafi, su ba mutum biyu amanarsa, su kuma sa shi cikin kayan da ake miƙawa duk lokacin da ma'aikaci zai bar aiki.